Yayana ya makance, yana kirana da sunan da na ɓoye wa ɗiyana

Assalamu alaikum jama'ar wanga guruf. Admin a sakaya sunana. Ni dattijo ne, na haura tamanin, ina zaune Bagudo, kuma da hannuna nake rubutun nan don ba wanda zan iya sa wa ya rubuta mini. Don Allah ku karanta har ƙarshe sannan ku ba ni shawara.

Ba cikin Musulunci anka haife ni ba. Wani ƙauye ne ƙetaren boda, ƙasar Benin, lokacin ana ce da ita Dahome. Babanmu shi ne katikis na cocin Katolika na ƙauyen, shi ke karantar da mutane in Fada bai zo ba. Mu biyu gare shi, ni da yayana Antuwan, rana ɗaya Fada ya yi mana baftisma, ni anka sa mini Mishel. Wanga suna zan iya faɗin shi nan, don duk Bagudo ba mai sanina da shi.

Shekarar da anka samu 'yancin kai ina saurayi, na fara kawo bandar kifi kasuwar Lolo, nan na saba da wani Alhaji ɗan Bagudo mai sayen kifi, har na koma aiki wurinshi. Bai taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ne na riƙa zama bayan masallaci ina sauraren karatu, har zuciyata ta natsu na karɓi kalmar shahada. Ban yi nadama ba ko rana ɗaya, a kai nake fatan cikawa.

Da na koma gida na faɗi, baba ya yi faɗa ƙwarai, ya ce na kunyata shi gaban mutanen da yake karantarwa, da wane baki zai sake tsayawa gabansu. Ni ma da zafin ƙuruciya na mayar mishi da maganganun da ba su dace ɗa ya faɗa wa uba ba. Inna tana kuka na ɗauki tabarmata na fito. Da na dawo Bagudo, duk wanda ya tambaye ni sai in ce maraya nake, ba ni da kowa ƙetare. Alhaji kaɗai ya san gaskiya.

Bayan shekara biyu, ran nan da hantsi ina cikin rumbun kifi sai na ji muryar Antuwan ƙofar gida. A ƙasa ya tako tun daga ƙauyenmu. Akwai mutane zaune zaure, ciki har da wanda nake neman ɗiyarshi da aure, na ji tsoro ya kira ni Mishel gabansu. Na roƙi Alhaji ya ce na tafi Kamba. Alhaji ya ce shi ba ya ƙarya, ya dai fita ya ce ba zan samu fitowa ba. Ta zana nake jin yayana yana cewa, "A gaya mishi baba ba lafiya, ba faɗa zai yi ba, ganin shi kawai yake so." Ya zauna gindin bango har la'asar, ruwa kawai ya sha, ya tashi ya tafi. Ban fito ba. Kwana tara bayan nan baba ya rasu, wajen masu kawo kifi na ji. Inna ma da ta bi shi ban je ba, kunya ta hana.

Na yi aure, Allah ya ba ni ɗiya bakwai, babbansu yanzu shi ke limanci masallacin unguwarmu. Uwarsu ta rasu ba ta sani ba. Su ma har yau sun ɗauka kakansu wani malami ne da ya mutu ina jinjiri, don haka na gaya musu, har sadaka suke mishi da azumi.

Ran kasuwar da ta wuce, wata mata ta same ni rumfarmu ta Lolo, da ɗan gicciye a wuya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ni ɗiyar Antuwan ce." Ashe sun daɗe da sanin inda nake, shi ne ya hana kowa zuwa, wai kada su ɓata mini zama da mutane. Ta ce yanzu ya makance, ƙafafu sun kumbura, asibiti sun sallamo shi, in ya ji motsi bakin ƙofa sai ya ce ko Mishel ne. Na tambaye ta ko yana fushi da ni. Ta ce, "Bai taɓa zagin ka ba Baba, kullum in muna addu'a sai ya sa sunanka." Wallahi gaban masu ciniki na yi kuka, na ce musu hayaƙin banda ne.

Ga inda na tsaya. Ƙarfina bai kai in ƙetare boda ni kaɗai ba, dole ɗaya cikin ɗiyana ya kai ni, in ya kai ni kuwa zai ga coci, zai ga kabarin kakanshi da gicciye bisa, zai ji ana kirana da wani suna. Ba Musuluncina nake jin wa tsoro ba, na san zumunci da ɗan'uwa ko ba addini ɗaya ba bai haramta ba. Idon ɗiyana nake tsoro, mutumin da ya yi musu horo kan gaskiya su gane ya shekara sittin yana musu ƙarya, kuma ya bar ubanshi ya mutu yana kiran shi.

Ku gaya mini, in tara su duka in faɗi, ko in fara da babban shi kaɗai? Ko in lallaɓa in bi matar nan ba da saninsu ba? In na isa kuma, mi zan ce wa Antuwan? Ta ce za ta dawo ran kasuwa mai zuwa ta ji amsata, kuma ta ce ya fara ƙin abinci. Ku taimaka ku amsa da wuri, ina tsoron in tsaya shawara har a aiko mini ya tafi.