Igiyar Shanyar Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yaran nan masu taurin kai irin naki. Yaya aikin makaranta? Na ba direban motar kaya wannan takarda ne maimakon in kira ki, don Baba ya zama mai kunnen tsiya. Ko raɗa na yi a kicin sai ya jiyo, ni kuma ba na so ya ji muna zancen Inna.

Yaya, tun da muka rasa Inna gidan nan ya mutu. Na dawo don in zauna da Baba, amma ni da shi sai zaman kurame. Da sabuwar shekara ta kama na ce wallahi ba za mu shige ta a haka ba. Na zage damtse na juya gidan kaf.

Allah ya jiƙan Inna, amma ke ma kin san ba ta iya tsari ba. Igiyar shanyar nan da ta ɗaura daga ƙofar Baba har banɗaki, ƙasa-ƙasa tana shaƙe mutum a wuya, na kwance ta na mayar bayan kicin, na jera tukwanen fulawa a wurin. Tsohon keken ɗinkin Baba da ya tare baranda, alhali ya bar ɗinki tuntuni, na tura shi sito. Labulayen ƙofofi, wani mai santsi wani mai kaushi kamar buhu, na kyautar da su na sa iri ɗaya. Ki zo ki ga gida, sai kin rantse ɓatan hanya kika yi!

Baba dai tambayata kawai ya yi, "Auta, ina igiyar?" Na ce, "Baba, sabuwar shekara, sabon gida." Zai saba.

Ki gaida kowa.
Taki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma duk muna lafiya. Ina gaida Baba da kyau.

Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Sai dai ki riƙa bi a hankali. Ke tun kina ƙarama in kika ɗauki tsintsiya har abin da ba shara ba kike haɗawa. Dattijo ba ya son a yi masa sauyi farat ɗaya, balle wanda ya rasa abokiyar zama.

Ni ba ni da ƙarfin halinki. Awarwaron Inna da kika sa mini a kaya suna nan cikin akwati, har yau ban iya buɗewa ba. Kin tuna yadda muke tsokanarta, wai tafiya take kamar akuyar da aka rataya wa ƙararrawa? Matar da a da ko zobe ba ta so, sai da tsufa ya zo ta tsiri awarwaro, ko wanke-wanke take ba ta cirewa. In na tuna sai in yi dariya, sai kuma hawaye.

Ki kula da cin abincinsa.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni dai ba lafiya ba, raina a ɓace yake.

Baba ya daina fitowa daga ɗaki. Mutumin da kullum da hantsi yake zama a baranda da rediyonsa, yanzu sai in kai shayi in dawo in tarar ya huce. Ruwan alwala ma cewa yake in kawo masa ciki. Na ce, "Haba Baba, duk wahalar nan don wa na yi?" Ya ce, "Na gode." Yaya, wannan godiya ta fi zagi ciwo.

Shekaranjiya da la'asar ina kicin na ji rugum. Na fito na same shi kwance cikin tukwanen fulawa, goshi ya tsage, jini har gemu. Tukwane manya-manya, da rana tsaka, a ce mutum ya bi ta kansu? Ya ce santsi ne, alhali ko ɗigon ruwa babu a wurin. Mai kemis ya zo ya wanke ciwon ya rufe.

Ni gani nake fushi yake da ni don na taɓa kayan matarsa. To ni ba uwata ba ce? Ni ma kewarta nake. Na so ne kawai in ga ya yi dariya sau ɗaya a gidan nan.

Na gaji, Yaya. Ki ba ni shawara.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarki hankalina ya tashi. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba.

Na yi magana da maigidana, mun yanke shawara. Da zarar an ba da hutun makaranta zan zo in ɗauki Baba ya dawo wurina. Na riga na gyara masa ɗakin baƙi. Nan akwai jikoki, akwai asibiti kusa. Gidan kuma sai a rufe, ke ki koma bakin aikinki. Na san zai ƙi, amma ba zan zauna in jira faɗuwa ta biyu ba.

Ki sanar da shi cikin lalama.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na gaya masa saƙonki, ya ce, "Ba inda za ni," ya juya wa bango fuska. Washegari da hantsi ina shanya a bayan kicin, na zagayo ba takalmi a ƙafata. Sai na gan shi tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya ɗaga hannu daidai kafaɗa yana laluben iska, daidai inda igiyar take a da. Na zo na tsaya a gabansa, kusa har ina jin numfashinsa. Idonsa a buɗe, a kaina. Yaya, Baba bai gan ni ba.

Da na ce "Baba" sai da ya zabura. Daga nan ya zauna a dokin ƙofa ya gaya mini komai. Idon ya tafi tun kafin Inna ta kwanta ciwo. Shi ya sa ya bar ɗinki, ba ciwon baya ba ne kamar yadda suka ce mana. Sun je wurin likita su biyu, aka ce ba abin da za a iya yi. Ya roƙe ta kada ta faɗa mana, don ya san za mu ɗauke shi daga gidansa. Ita kuwa sai ta mayar masa da gidan ido. Igiyar ce take kai shi banɗaki. In ya dafa keken ɗinki ya san nan zai juya zuwa falo. In ya shafa labule ya san ƙofar da yake. Awarwaron kuma don ya san inda take ne, kada ya yi ta magana da ɗakin da ba kowa.

Ya ce, "Da na ji kina jan kaya na so in yi magana. Amma tun rasuwar ban ji kina waƙa ba sai ranar."

Yaya, muka yi ta yi wa matar nan dariya wai ba ta iya tsari ba! Ni kuma na zo da tsintsiyata na tsone masa ido a karo na biyu. Na yi kuka har ya koma shi yake ba ni haƙuri.

Na mayar da igiyar. Na ɗaura ta sama da yawa, shi ya lalubo mini gurbin da ta ci a jikin ginshiƙi. Keke ya koma baranda. Labulaye na bi gida-gida ina roƙo ba kunya, na samo wasu, mai kaushin an riga an yanka shi an yi tsumma. Ya fara fitowa, amma duk sanda na matso kusa sai ya firgita.

Don girman Allah kada ki zo ɗaukarsa. A gidanki makaho ne, a nan kuwa maigida ne. Ki aiko mini da awarwaron.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Ina gaida ku. Na kasa shiga aji yau. Ni ce babba, na zo jinyar Inna na kwana biyu a gidan nan, ina miƙa masa kofi yana laluben hannuna, ban lura ba.

Na buɗe akwatin. Ga su nan cikin ɗankwalinta, na ce wa direba ya ba ki hannu da hannu. A hannun dama take sa su. Ba zan zo ɗaukarsa ba, zan zo in gan shi. Ki ce masa ya yafe mini.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa. Saƙo ya iso jiya.

Yau da safe na sa su na ɗauko shayinsa. Yana tsakar gida riƙe da igiya. Da ya ji ƙarar sai ya juyo, fuskarsa ta washe yadda na yi ta nema tun farkon shekara. Ya ce, "Ke ce?" da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ba da mu yake yin ta ba.

Na dafe awarwaron da ɗaya hannun. Na ce, "Baba, Auta ce."

Ya ce, "Na sani." Ya daɗe a tsaye bai saki igiyar ba. Na fara zare su, sai ya ce, "A'a, bar su. Ki yi ta tafiyarki, ina ji."

Ba sauran abin gyarawa a gidan nan, Yaya. Amma yau wuni na yi ina zagaya shi, daga kicin zuwa baranda, daga baranda zuwa kicin.

Sai kin zo.
Auta