Aminina ya zo har ƙofa aka mayar da shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana don girman Allah, akwai 'yan Samaru da yawa a nan kuma ba na son a ga baƙin ɗana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai, har a cikin sallah yake faɗo mini, Allah Ya yafe.

Ni dattijo ne, tela, rayuwata duk tsakanin gidana na Samaru da shagona na kasuwar Sabon Gari na yi ta. Bayan rasuwar mai ɗakina, Allah Ya jiƙanta, sai yanar ido ta rufe mini idon dama. Babban ɗana da ke aiki a Ikko ya zo ya ɗauke ni, aka yi mini aiki, alhamdu lillahi ina gani tangaran. Na zaci da an cire bandeji zan juya gida, sai ya ce in ɗan huta tukuna. Hutun nan ne bai ƙare ba, an yi azumi an yi layya ina nan.

Unguwar da yake zaune a bakin teku take, an zagaye ta da katanga, ƙofa ɗaya, masu gadi cikin kaki, estet suke ce mata. Ba zan yi wa Allah butulci ba, wuri ne mai kyau. Wuta ba ta ɗaukewa, ga itatuwan kwakwa, ga farin yashi da aka ce na mazauna ciki ne kaɗai. Ranar da na fara ganin ruwan nan ba iyaka sai da na yi ta tasbihi. Amma jama'a, gari ne da ba a sallama. Maƙwabcinmu motarsa kawai na sani. Na taɓa gaida wani yana gudun motsa jiki da abu toshe a kunne, ya ɗaga mini hannu kamar na roƙe shi. Babu zaure, babu dakali, kiran sallah sai a waya. Sannan dokarsu ita ce, baƙo ba ya shiga sai mai gida ya tura masa wata lamba ta waya ya nuna a ƙofa. Abin tura lambar yana wayar ɗana da ta matarsa. Ni wayata ƙarama ce mai maɓalli, karatuna na allo ne da ajami, boko a hankali nake bin sa, kuma ban taɓa cewa a koya mini ba, don a ganina wa zai zo wurina a nan?

To ina da amini, Yohanna, Bazazzagi ne Kirista, mai gyaran keken ɗinki, shagonsa jikin nawa tun muna samari. Liman yake ce mini ko da yake ban taɓa jan sallah ba, ni kuma in ce masa Fasto. In na tafi Juma'a shi ke tsare mini shago, ranar Lahadi ni ke karɓar kekunan da aka kawo masa. Da matata ta rasu, yana kan tabarmar makoki tare da mu har aka tashi. Kuma tsakaninmu ba a waya kafin ziyara. Sau ɗaya na taɓa kiransa na ce zan zo gidansa, ya ce, "Liman, yaushe na zama ofis da za ka nemi izinin shiga? In ka zo ba na nan, ka ci tuwo ka kwanta." Tun daga ranar ban ƙara ba.

Ashe an yi wa ɗansa haihuwa a can wani gefen Ikko, ya zo ganin jika. Ya karɓi kwatancen gidanmu wurin 'yata da ke aure a Samaru, ya ce kada ta gaya mini, so yake kawai in gan shi. Ya sha cunkoson motoci tun safe, ya iso ƙofa rana tsaka da jaka a hannu. Masu gadi suka ce lamba. Ya ce su dai shiga su ce wa Liman ga Yohanna. Suka ce babu Liman a nan. Ya faɗi sunan ɗana, suka kira shi, yana taro wayarsa a kashe. Suka kira surukata a wurin aikinta, ta ce ba ta san wani Yohanna ba kuma ba ta jiran kowa, dama an sha gargaɗinsu game da 'yan damfara. Sai a lokacin ya karya al'adarmu ya kira ni. Wayar tana ɗaki, ni kuwa ina zaune bakin ruwa da carbi, tsakanina da shi bai kai daga shagona zuwa bakin tasha ba. Ya nemi ya zauna a bencin da ke inuwa, suka ce ba a zama a nan, ya tsallaka titi. Mutumin da ya haura saba'in, ya tsaya a rana har la'asar, sannan ya miƙa musu jakar ya tafi. Wani mai gadi ɗan wajen Kafanchan, mai jin Hausa, shi ya ba ni labarin nan daga baya, yana ta ba ni haƙuri, ya ce da ya bar Yohanna ya shiga, da ya rasa aikinsa.

Jakar ma sai bayan kwanaki ta iso hannuna, wai sun ga makami a ciki sai shugabansu ya duba. Makamin kuwa tsohon almakashina ne da na bari a shago, Yohanna ya wasa shi ya shafa masa mai ya naɗe a ƙyalle. Sai kuka da daddawa, da mazarƙwaila wadda tururuwa suka riga ni.

Na kira shi ba sau ɗaya ba. Yana ɗauka, amma abin da yake cewa shi ne, "Alhaji, ina wuni, ya jiki?" Ni da na je Makka na dawo ma bai ce mini Alhaji ba, cewa ya yi Liman ya ƙara tsada. Na ba shi haƙuri, na yi masa bayanin lambar nan, ya ce, "Ba komai Alhaji, ai haka gidan manya yake." Shi ke nan, sai gaisuwar iyali, sai ya ce ana jiransa. Ni kuma na san mutumina. Ya tako da ƙafarsa aka wulaƙanta shi a ƙofata, haƙurin waya ba zai shiga kunnensa ba, sai na taka ni ma na je na zauna a gabansa. Yanzu kuma autarsa Rifkatu za ta yi aure ƙarshen wata mai zuwa a Sabon Gari. Tun tana goye ya ce ni zan karɓi masu neman aurenta. 'Yata ta gaya mini an riga an karɓe su, wani ne ya zauna a wurin, ni ko goro ba a aiko mini ba.

Na sami ɗana na ce zan tafi gida. Mun daɗe muna magana, har muryata ta tashi, abin da ban saba ba. Ya ce doka ce, ba laifin kowa ba ne, zai tura kuɗi ya saya wa amarya firji. Na ce Yohanna bai zo Ikko neman firji ba, na tuna masa wanda ya saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi ina kan hanyar Kano. Sai ya kawo maganar likita zai sake duba idon, da halin da hanya take ciki, da cewa gidan Samaru ba kowa sai ɗalibai 'yan haya, wa zai dafa mini, wa zai ji in na faɗi a banɗaki. A ƙarshe ya ce, "Baba, na san in ka tafi ba za ka dawo ba, kuma cewa za a yi na kasa riƙe ubana." Yana faɗa yana hawaye. Kuma gaskiya ya faɗa, in na ga Samaru ban ga abin da zai dawo da ni ba. Surukata ta durƙusa ta ba ni haƙuri, yarinyar kirki ce, ban riƙe ta ba, amma tun daga ranar ta zama kamar baƙuwa a gidanta, wannan ma yana damuna.

Wata safiya na haɗa jakata na nufi ƙofa, na ce in na fita Allah zai haɗa ni da mai nuna mini tasha. Sai ga shi fita da kaya ma sai da izinin mai gida. Cikin ladabi suka karɓi jakar, "Papa, Papa," suka sa ni a 'yar motarsu ta cikin unguwa suka mayar da ni. Ni da na aurar da 'ya'ya, ga jikoki, an mayar da ni gida kamar akuyar da ta tsinke. Tun daga nan kullum da hantsi nake ɗaukar kujerar roba in zauna kusa da ƙofar, kada wani ya sake zuwa a ce babu ni. Wannan ma kwamitin unguwa sun kai ƙara wurin ɗana, wai ina ɓata tsarin wuri.

Abin da ya rage mini guda ɗaya ne, in ce masa in dai ni na haife shi ya buɗe mini ƙofar nan. Na san zai buɗe. Amma ban taɓa yi wa ɗa irin wannan magana ba, ina tsoron ta zame masa baki, yaron da bai rage ni da komai ba sai wannan. In kuma na yi shiru, za a ɗaura auren Rifkatu babu ni, daga nan na san ni da Yohanna sai gaisuwar hanya.

Malamai da iyaye na wannan zaure, in yi amfani da ikon uba in tafi, ko in haƙura in zauna? Akwai wata hanyar da zan bi da yaron nan ya sake ni da daɗin rai? 'Yan'uwa Kiristoci da ke nan, ku ma ku sa baki, in na faɗo wurin bikin ba gayyata, zai zama gyara ko ƙarin ɓaci? Kada dai ku ce in kira shi in tambaya ko in zo. Ranar da na nemi izinin zuwa gidan Yohanna, ranar zai tabbatar lallai na zama Alhaji.