Batir Kashi Saba'in da Huɗu

Litinin

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya kwas, yaya ciwon bayan nan? Yaran suna nan ƙalau, Baba ma haka.

Kamfanin da na ɗauki hayar mota a wurinsu ya riƙe kuɗin ajiyarmu. Na zaɓi in rubuto miki ne don in na kira ki a waya ba zan iya jera maganar ba.

Tamu motar har yau tana wurin bakanike, likita kuma ya ce a dawo da Baba ranar Asabar a duba idon da aka cire wa yana. Na je haya, na tarar masu shan mai sun ƙare, sai mai lantarki guda ɗaya. Sun ce sai an riƙe kuɗin ajiya a kati har in dawo da ita. Nawa katin bai kai ba. Na miƙa naki, wanda kika bar min don in biya rajistar jarrabawarki ta ƙarin girma. Na lissafa cewa Litinin za su saki kuɗin, rajista kuwa sai Juma'a ƙarfe huɗu ake rufewa. Ban tambaye ki ba, ya kamata in tambaya.

Idon Baba ya yi kyau. Ya karanta layi biyar a allon likita, yana ta fahariya.

Ƙa'idarsu ita ce a dawo da mota da cajin da bai gaza kashi tamanin cikin ɗari ba. In ya gaza, akwai tara, sannan a biya kuɗin kowane kashi. Na karanta takardar kaf, kin san aikina ke nan a jarida, bin ƙananan rubutu ina neman kuskure. Jiya da yamma na zauna awa ɗaya da minti goma a wurin caji na bayan babban kanti, har allo ya nuna tamanin da shida. Na ajiye ta a gida, na rataye makullin a ƙusar bakin ƙofa. Yau da safe na mayar da ita, yarinyar da ke karɓar motoci ta leƙa allon, ta rubuta saba'in da huɗu.

Na ce mata batirinsu ne ke yoyo, ba zan biya ba. Ta ce ba damuwa, akwai fom na ƙorafi. Sai da na sa hannu ta gaya min cewa muddin akwai ƙorafi, kuɗin ajiya ba ya motsi.

Ki yi haƙuri. Zan koma gobe.

Mijinki

Laraba

Maman 'Yan Biyu,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Na ga saƙonki na kalma uku, ban kuma ga laifinki ba.

Batirin ba ya yoyo. Motar tana rubuta duk abin da aka yi da ita. Manajan kamfanin ya juyo min da kwamfutarsa: an kunna ta ƙarfe biyar da minti talatin da biyar na asubahin Litinin, ta tsaya a kunne, na'urar sanyaya tana aiki, har na fito wajen ƙarfe tara. Sai na tuna na tarar da cikinta kamar firji, na ce a raina, kai, motocin zamani.

Ban ma yi bincike a gida ba, Baba ne ya kawo zancen da kansa muna karyawa. Ya ce in gaya wa masu motar nan ba ta da rai. Wai ya tashi ya ɗumama min injin, ya danna maɓalli, shiru, ya kasa kunne a kan bonet, ko tari ba ta yi ba, sai ya goge gilasai ya mayar da makulli. "Shekara talatin da huɗu ina tuƙi, Ɗan Jarida, ban taɓa fita da inji mai sanyi ba. Wannan taka keken ɗinki ya fi ta murya." 'Yan biyu suka yi ta dariya. Ni ma na yi, don ban san me zan yi ba.

Wannan ce safiya ta farko a shekara biyu da ya ga maɓalli da idonsa. Ban gaya masa komai ba, ke ma don Allah kada ki gaya masa.

Sakin layi na sha huɗu na takardar hayar ya ce wanda sunansa ke takarda ne kaɗai zai kunna motar. In wani ya kunna, kuɗin ajiya ya tafi gaba ɗaya. Fom ɗin janye ƙorafi yana da layi guda: wa ya kunna mota a lokacin da aka ambata? Na daɗe riƙe da biro. Shekara goma sha tara ina mayar wa 'yan rahoto labari saboda sun ɗora magana a bakin wanda bai faɗa ba. Na rubuta sunana.

Manajan ya karanta, ya dube ni, ya ce wato na fito da asuba na kunna sanyi na koma na kwanta. Na ce haka ne. Ya ce kowa da irin jin daɗinsa, ya buga hatimi.

Na gaji, Maman 'Yan Biyu. Ki gaida abokan ɗakinki.

Mijinki

Alhamis

Maman 'Yan Biyu,

Barka da war haka. Ina fatan gwajin yau ya zo da sauƙi.

Sun cire tara da kuɗin kashi shida. Na cike gurbin daga aljihuna, kuɗin rajistarki zai cika cif in sauran ya dawo. Na nemi rance a ofis, akanta ya ce sai ƙarshen wata. Na je hukumar jarrabawa na roƙi a ƙara mana kwana biyu. Matar da ke taga ta ce kwamfuta ce ke rufewa, ba ita ba, wanda ya rasa sai baɗi. Na san shekara nawa kika yi kina jiran wannan zama.

Na ɗauki hutun gobe. Fom ɗinki a cike yake, hotuna a manne, zan zauna a bencin hukumar tun safe da waya a hannu. Baba ya ce zai raka ni, yanzu da yake gani. Na ce to.

Yaran suna gaishe ki. Allah ya ba ki sa'a.

Takardar manaja ta nuna sun saki kuɗin yau ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Banki ya ce yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Yanzu biyar ta wuce, saƙo bai shigo ba.

Mijinki