Leda ko Seramik ga Motar Baba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiyar aiki? Yaya garin Kwatano da sanyin teku? Ina fata Anti Rakiya da yara suna lafiya. Mu nan Bukoki sai godiya.

Jikin Baba dai yana nan yadda ka bar shi. Tun da ɓarin dama ya shanye bai ƙara taka ƙasa ba, kuma lokotoron asibiti ya gaya mini a keɓe cewa tuƙi ya ƙare masa.

Amma kullum zancensa farar motarsa. Rana ta fara cin fentinta a tsakar gida, ya ce in kai ta garaji. Mai garajin ya ce in zaɓa: leda mai kauri da ake manna wa jikin mota tana tare tsakuwar hanya, seramik kuwa shafawa ake yi, ya fi amfani ga motar da ke zaune cikin rana. Ka san tsakuwar hanyar gonarsa ta Tondibiya. Na daɗe a tsaye, sannan na ce a shafa seramik.

Da na dawo, Baba ya tambaye ni, "Leda aka sa, ko, Hadiza?"

Na gaya masa gaskiya. Ya kalle ni, ya ce, "To, ke ma kin san ba zan koma gona ba." Ya juya fuskarsa bango. Tun ranar bai sake ambaton motar ba, abinci ma sai da lallashi.

Yaya, ka sa mu a addu'a, kuma in da hali ka zo kafin azumi. Inna na gaishe ku. A gaida Kawu Isufu.

Ƙanwarka,
Hadiza