Wutar Jegon Binta

Damba, Gusau

Goggo Tambaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya mai jego da jariri? Tunda aka rufe layin waya sai takarda, direban Furfuri zai kawo miki.

Goggo, sakamakon jinina ya fito. Likita ya ce tarin nan nawa shi ne ya ɗauki Baba, shi ya ɗauki Yaya Haliru. Garkuwar jikin mutum tana da abin da take shaida cuta da shi, to namu gadonsa muka yi da ɗan bambanci. Hayaƙi kaɗan ya shiga ƙirji sai ta tashi faɗa, ba ta tsayawa sai ta cinye huhun. Binta cikinmu ɗaya, kuma na ji ta tana tari ranar suna. Don Allah ki daina hura mata wuta a ƙarƙashin gado, ki buɗe tagar ɗakin. Tsoro nake ji.

Taki,
Suwaiba

Furfuri, Bunguɗu

Suwaiba,

Wa'alaikumus salam. Lahiya lau muke. Na sa an karanta mini takardarki, kuma raina ya ɓaci. Wato jinin gidanmu ne marar kyau? Ubanki ƙanena ne, sanyin fadama ya kama shi, kowa ya sani. Ni na yi wa uwarku jegonku duka, wace ta mutu? Ɗanyen jiki ba wuta, so kike ta kumbura a ce Tambaya ta kashe ɗiyar ƙanenta? Tarin Binta ya ƙaru, gaskiya ne, sanyin damina ne. Na ƙara itace, na toshe tagar da tsumma. Ke dai ki sha maganinki.

Allah shi ba ki lahiya.
Goggonki

Damba, Gusau

Malam Kabiru,

Sallama da gaisuwa, ya mutanen Tsafe? Ba zan yi kwana-kwana ba, ka je Furfuri ka ɗauko matarka. Hayaƙin jego yana cin huhun Binta, Goggo kuwa ta ɗauka sanyi ne. Da ina iya tafiya da ban roƙe ka ba, amma daga gado zuwa bakin ƙofa sai na huta. Kada ka jira arba'in.

Yayarku,
Suwaiba

Tsafe

Yaya Suwaiba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina samun sauƙi. Na je. Goggo ta kawo mini fura a zaure, ta ce mai jego na barci. Daga nan ina jiyo tarinta, ina ganin hayaƙi na fita ta saman ƙofa. Wallahi na buɗe baki, kunya ta hana ni. Ta yaya suruki zai ce wa tsohuwa a ba shi matarsa cikin jego? Saura kaɗan a yi arba'in. Ki yi haƙuri.

Ƙaninki,
Kabiru

Furfuri, Bunguɗu

Suwaiba,

Assalamu alaikum. Binta ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, a hannuna. Allah shi gafarta mata.

Na kashe wutar. Yaron ya fara tari. Na jiƙa zane don sanyaya jiki, na ɗauko bargo don ɗumi, na rasa wanda zan rufa mishi. Ki tambayi likitan nan naki, ki rubuto mini mi zan yi. Ni ban sani ba.

Goggonki