Kuɓewarki Ta Yi 'Ya'ya a Damba

Kulu, kuɓewarki ta yi 'ya'ya! Irinki na garinku Kekun Waje, mai jan kai, shi ne ya fito a tsakar gidan nan da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Au, ban ma gaishe ki ba. Assalamu alaiki, matata. Ina fata kina cikin rahamar Ubangiji.

Kin san bayan rasuwarki yayanki Malam Sani ya karɓe fadamar da muka yi shekaru muna nomawa. Na roƙe shi ko tafin hannu ɗaya na irin kuɓewar da kika gada wurin Innarki, ya hana. A gaban mutane ya ce in tafi Gusau in shuka siminti. Na kuwa taho Gusau ɗin, na zauna a unguwar Damba, amma wallahi maganar nan ba ta bar kunnena ba.

Bana ina kwashe kwanukanki na tarar da wata kwalba, iri a ciki gauraye da toka, yadda kika saba adanawa. Na samo buhunan siminti goma sha biyu, na huda gindinsu, na cika da ƙasa da kashin awaki, na jera jikin katanga. Ruwan alwalata nake tarawa a roba in ba su. Ƙadangaru suka cinye biyu, sai na lulluɓe sauran da tsohon gidan sauronmu. Kabewa kuwa na ɗora ta kan rufin kicin.

A makon nan da 'yarmu Hadiza ta haifa mana jika, takwararki, na yi tsinkar farko. Na yi dariya har da hawaye.

Yanzu ga daɗin labarin. Ruwa ya ci fadamar Sani, irin ya ƙare masa kaf. Shekaranjiya ya aiko a ba shi kaɗan. Na ce aike ba ya karɓar iri. Na ce sai dai ya tako da ƙafarsa ranar suna mai zuwa, ya tsuguna gaban buhunan nan, ya roƙa da bakinsa. Na san za ki ce in yi haƙuri, ɗan'uwanki ne. Zan ba shi, Kulu, amma sai ya furta.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya raya takwararki.

Mijinki, Garba.

Ku kuma masu karantawa, suna ranar Asabar ne. Gidan bayan masallacin unguwar Damba, mai kabewa a kan rufi. Kowa ya zo da hantsi ya samu wurin tsayawa, ya ga Sani gaban buhunan nan.