Mutumin da Ya Bar Inuwarsa

Lahadi, 9 ga Nuwamba 2014

Aji ya iso Wuro Hausa daga Bama da gudun hijira, takalminsa ƙafa ɗaya. Maɗinkin hula ne, abokina tun muna samari. Na ba shi ɗakin zaure. Ban tambaye shi abin da ya gani ba.

Juma'a, 18 ga Maris 2016

Bayan masallaci tayar babur ta fashe. Aji ya kwanta rub da ciki a kwata, mutane suna kallo. Kunya ta kama ni. Na ce masa, "Haba Aji, namiji ne kai fa. Ina tawakkalinka?"

Ya kakkaɓe rigarsa. Kafin la'asar ya kwashe zarensa da allurarsa ya koma Jimeta wurin 'yan garinsu. Gaskiya na faɗa masa, ina ji.

Talata, 8 ga Yuni 2021

Liyatu ta zo, 'yar Apollos na Numan, wadda na koya wa jimla a aji uku. Yanzu dakta ce, aikinta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Wai tana son ta ga abin da gudun hijira ya bari a cikin kan mutane. Na ce a zamaninmu ido muke kallo. Ta ce, "Baba Hedimasta, ido yana ɓoyewa."

Damuwarta: na'urar rami ce da ake tura mutum ciki, kuma tana bugawa kamar harbi. Cikin mutum goma, bakwai sun fito da rarrafe. Tana so ta naɗi muryata ina tatsuniya, a sa musu a kunne.

Kakata ta hana tatsuniya da rana. Amma kakata ba ta san dakta ba.

Alhamis, 17 ga Yuni 2021

Na yi musu ta masuncin tafkin Njuwa da ya ga dodo a ruwa, ya ruga da gudu har inuwarsa ta kasa bin sa, ya zauna a baƙon gari ba inuwa. Ina tsakiya Liyatu ta ɗaga hannu. "Ya isa, Baba. Minti ashirin ne hoton."

"To ƙarshen fa?"

"Kafin nan sun fito."

Shekara saba'in da huɗu, yau aka fara yanke mini tatsuniya da agogo.

Litinin, 6 ga Satumba 2021

Na hango Aji a kasuwar Jimeta. Na tsaya ina taya albasar da ba na bukata har ya wuce.

Laraba, 14 ga Fabrairu 2024

Liyatu ta zo da fara'a. Takardar da ta rubuta, masana ɗari uku da sha biyu sun kafa hujja da ita. Har a wasu ƙasashe, in ji ta, sun fara naɗar muryar tsofaffinsu. Na ce a unguwar nan in mutum ɗari uku suka ambace ki, sai ki nemi addu'a. Ta yi dariya. Ta nuna mini sunana a ƙasan shafi, da haruffa ƙanana kamar tururuwa: Hamajoɗa.

Sai ta nuna mini hoton ƙwaƙwalwa guda biyu, ba suna. Wani ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa, a ɗayan hoton ya yi ja. Ta ce maigadi ne, shi ke jin haɗari kafin mutum ya yi tunani. A kan wanda ya ga bala'i, maigadin ba ya komawa ya zauna.

Na ce, "Ko mutum yana da imani?"

"Ko liman ne, Baba."

Na tambaya ko Aji yana cikin waɗanda take dubawa. Ta ce ba ta faɗin wannan. Da kyau. Ni na koya mata riƙe baki, ai.

Ban iya cin tuwo ba. Yaji ne ya yi yawa.

Asabar, 24 ga Fabrairu 2024

Da hantsi aka yi sallama. Aji. Ya tsufa, ko kuwa ni ne. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin zaure.

"Hama, muryarka ce a cikin ramin nan."

Na ce ita ce.

"Sau uku ina shiga, kullum wuri ɗaya ake yankewa. Inuwan nan, ya dawo ko bai dawo ba?"

A bakin kakata ba ta dawowa. Masuncin matsoraci ne, shi ne darasin, haka na ba yara shekara talatin. Na buɗe baki sai na ji ina cewa inuwar ba guduwa ta yi ba, tsayawa ta yi gadi a bakin ruwa, tana jiran wani ya je ya ce mata dodon ya tafi. Kuma abokin masuncin, da ya kamata ya raka shi, wawa ne.

Aji ya ce, "Wawa ƙwarai."

Sannan ya cire takalmi ya shigo. Ya ce hulata ta mutu, abin kunya ce a kan hedimasta. Ya auna kaina da zare.

Kaka ta yafe ni. Ƙarshen nata dama bai taɓa yi mini daɗi ba.